Me ya sa Malam ba ya cewa "yi haƙuri"?

Ɗana, jiya bayan mun tashi ka ce: "Malam, sunan aikinmu ba da shawara, amma na zauna wajen mutum uku ban ji ka ba kowa shawara ba. Matar nan ta yi ta kuka, ko 'yi haƙuri' ba ka ce mata ba. A ina aka koya maka haka?" Lokacin magariba ta kawo jiki, shi ya sa na ce ka bari sai na zauna.

Sunan ne ya ruɗe ka. Kafin matar nan ta iso gabanmu, mahaifiyarta ta ce ta yi haƙuri, uwar mijinta ta faɗa, malamar Islamiyya ta faɗa, maƙwabta ma haka. Haƙuri gaskiya ne, ba na jayayya da shi. Amma in ya fito kafin mutum ya gama magana, abin da kunnensa ke ji shi ne "ya isa haka, rufe bakinka". Da wannan kalma tana warkar da ita, da ba ta biya kuɗin mota ta zo ba.

Ni a sashen ilimi na jami'a na karanta fannin nan, kamar yawancinmu. A can aka koya mana Carl Rogers, Ba'amurken da ya fitar da littafinsa a 1951 yana cewa mai matsala shi ne kan gaba a zaman, ba gwani ba. Ya ce ka karɓi mutum ba tare da yanke masa hukunci ba, ka ji abin yadda shi yake jin sa, kuma kada ka yi masa fuska biyu. Mu dai mun san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na haddace duka, na ci jarrabawa, amma ban iya komai ba.

Wata tsohuwar nas ce ta koya mini aikin, Allah ya jiƙanta. Wani saurayi ya zo, ya faɗi jarrabawa sau biyu, ya daina fita daga ɗaki. Na zage na yi masa nasiha mai daɗi, har ni kaina ta burge ni. Yana ta cewa "haka ne, Malam". Da ya fita sai ta tambaye ni: "Tsakanin kai da shi, wa ya fi yin magana?" Yaron bai sake dawowa ba. Har yau in na ji "haka ne, Malam" sau uku a jere, nakan san na kauce hanya.

Sai dai Rogers bai san Bahaushe ba. Mutanenmu ba sa shigowa su ce suna cikin damuwa. Cewa suke kai na zafi, ƙirji ya yi nauyi, wani abu na yawo a jiki, barci ya ƙaurace. Ka fara daga inda suka fara, ka tambayi barcin, ka tambayi cin abinci, sauran za su biyo. Mace ba za ta kama sunan mijinta ba, sai dai "shi" ko "maigidan", kada ka matsa mata. Kuma da wuya mutum ya zo shi kaɗai. Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, ya gane wannan tun 1954 a Aro, Abeokuta, inda ya zaunar da marasa lafiya a ƙauyuka tare da danginsu. Ka saurari ɗan rakiya, ka girmama shi, sannan ka roƙe shi ya ɗan jira a waje. Abin da aka faɗa bayan fitarsa amana ne, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Ba wai shiru kawai nake yi ba. In ka lura, a ƙarshe na sa matar nan ta lissafa abubuwan da ke damunta, ta zaɓi guda ɗaya da za ta iya taɓawa a makon nan. Ita ta ce za ta je wajen yayarta ta yi maganar kuɗin makarantar yara. Irin wannan dabarar Dakta Dixon Chibanda ya koya wa kakanni mata a Zimbabwe, suna zama kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu "yawan tunani", kamar yadda su ma suke kiran ciwon.

Inda ba na jira kuwa: wanda ke jin muryoyi, ko ya yi kwanaki ba barci yana surutai, ko ya ce ya gaji da rayuwa. Na ƙarshen nan ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Waɗannan na likita ne, asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware, mu ba ma rubuta magani. In dangi sun ce aljanu ne, kada ka tsaya musu. Ka ce su ci gaba da addu'a, su kuma kai shi asibiti yau.

Ran Talata kai za ka ja zaman, in matar nan ta yarda. Ni zan koma gefe da agogo, ina duba minti nawa ka cinye.