Amsar Baffa a kan makokin Yahudawa da fushin Ubangiji

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso, gida kowa lafiya, Inna tana gaishe ki.

Kin ce kin iske maƙwabciyarki Bayahudiya a nan Manchester tana azumi, zaune a kan 'yar guntuwar kujera, kin gaishe ta ta amsa ciki-ciki. Daga baya ta ce miki ranar makoki ce, kuma a wurinsu har Ubangiji yana cikin masu makokin. Kina tambaya wace al'ada ce, kuma da gaske suke nufi?

Ranar ita ce Tisha B'Av, tara ga watansu na Av, tana faɗowa cikin Yuli ko Agusta. Suna tuna rushewar Haikalinsu na Ƙudus ne, wanda sarkin Babila ya rushe a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, aka sake ginawa, Rumawa suka sake rushewa a shekara ta 70 miladiyya. Azumin wajen awa 25 ne, ba ci ba sha. Ba sa sa takalmin fata, ba sa gaisawa da juna, don haka kada ki ɗauka wulaƙanci ta yi miki. Da dare a majami'a sukan rage fitilu, su zauna a ƙasa, a karanta littafin Makoki da suke jinginawa ga Irmiya.

Amma amsar tambayarki tana cikin makonnin da suka kewaye ranar. Kowace Asabar, bayan karatun Attaura, sukan karanta wani yanki daga littattafan annabawa. Asabar uku kafin azumin, tsawa kawai ake ji: biyu daga Irmiya, ɗaya daga farkon Ishaya, inda Ubangiji yake cewa ya gaji da hadayunsu da idodinsu tunda hannayensu cike suke da jini, su je su ƙwato wa maraya haƙƙinsa, su tsaya wa gwauruwa. Azumi na wucewa sai murya ta sauya. Asabar bakwai a jere, har zuwa sabuwar shekararsu, lallashi ake karantawa daga Ishaya, farawa da sura ta 40: ku ta'azantar da jama'ata. Uku na faɗa, bakwai na lallashi. Ni dai ina ganin da gangan magabatansu suka jera shi haka.

Ki lura, annabi a wurinsu ba ɗan duba ba ne. Amos makiyayi ne daga Tekowa, abin da ya tayar masa da hankali shi ne ana sayar da matalauci a kan kuɗin takalmi, 'yan kasuwa suna tauye mudu. Hosiya kuma ya kawo zancen Ubangiji kamar na uba da ya koya wa ɗansa tafiya, ɗan ya girma ya bijire, uban yana cewa: yaya zan yi in rabu da kai, ya Ifraimu (wato Isra'ila)? Daga irin waɗannan ayoyi malaman Talmud, babban kundin karantarwar malamansu na dā, suka ce da aka kwashe Isra'ilawa zuwa bauta, zatin kusancin Ubangiji ya bi su can. Maganar maƙwabciyarki daga nan ta samo tushe.

To, da gaske suke nufi? Su ma kansu ba su zama baki ɗaya ba. Babban malaminsu Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba a Andalus, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya ce sam. A littafinsa Dalalatul Ha'irin, da ya rubuta da Larabci, ya ce Ubangiji ba ya sauyawa, fushi kuwa sauyin hali ne. In an ce ya yi fushi, ana nufin ya yi aikin da in mutum ne ya yi shi sai a ce haushi ya ji. Attaura tana magana ne da harshen 'yan Adam don su gane. Wannan ba baƙon zance ba ne a kunnenki, don malamanmu na tauhidi sun daɗe suna kai-kawo a kan ayoyin siffofi, tsakanin masu tawili da masu cewa a bar su yadda suka zo ba tare da kamantawa ba. A cikin wannan duniyar ilimi Bin Maimun ya tashi.

Shekaru ɗaruruwa bayan haka sai ga wani malaminsu, Abraham Heschel, haifaffen Warsaw a 1907, wanda 'yan Nazi suka hallaka mahaifiyarsa da wasu 'yan'uwansa mata. A littafinsa kan annabawa na 1962 ya ce Ubangijin da ba abin da ke taɓa shi na masana falsafar Girka ne. Na annabawa kuwa ya damu da abin da ake yi wa mai rauni, kuma annabi shi ne mutumin da wannan damuwa ta shige shi har ta hana shi shiru. Fushin ba na zuciyar da ta ƙwace ba ne, ƙin yarda da zalunci ne, kuma yana da iyaka. Wannan fahimta ce ta kai shi tattakin neman 'yancin baƙar fata na Selma a Amurka a 1965 tare da Martin Luther King.

In ra'ayina kike so, wajen tsarkake Allah daga kama da halitta na fi natsuwa da Bin Maimun. Sai dai Heschel ya kama abin da mai karatu bai kamata ya tsallake ba, wato a kan wa ake fushin, kuma don wa.

Tunda fushin yana da iyaka, shi ya sa ma Yahudawa ba sa ganin gargaɗin azaba a matsayin hukuncin da ba ya tashi. A ranar Yom Kippur, babbar ranarsu ta neman gafara, da yamma sukan karanta labarin Annabi Yunusa: ya ce saura kwana 40 a kife Nineba, mutane suka tuba, ba a kife ta ba. Bin Maimun da kansa ya rubuta cewa rashin saukar azabar da annabi ya faɗa ba ya ƙaryata shi, don tuba na iya ɗage ta, amma alkawarin alheri ba a janye shi.

Ki kula da karatunki, ki riƙe salla. Allah ya yi miki albarka.

Baffanki