Amsa: Shin zaman gwamnati da ƙungiyoyin direbobi yana da amfani?

Malam, ka tambaya ko zaman da gwamnati ke yi da shugabannin ƙungiyoyin sufuri yana haifar da ɗa mai ido, ko kuwa ɓata lokaci ne. Yana da amfani ƙwarai, domin babu wata doka ta hanya, ko ta haraji, ko ta sauya wurin tasha da za ta yi aiki idan direbobin da za su bi ta ba su fahimce ta ba. A kan wannan tsari aka kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1919, inda gwamnati da masu ɗaukar ma'aikata da ma'aikatan kansu suke zama tare, kuma yarjejeniyarta mai lamba 98 ta 1949 ta kare haƙƙin ma'aikata na tattaunawa a ƙungiyance da masu ɗaukar su aiki kan sharuɗɗan aiki.

Sharaɗin da na gani a aikace shi ne a yi zaman kafin a yanke hukunci, ba bayan motoci sun tsaya cak fasinjoji sun yi cirko-cirko a bakin titi ba. Zaman da aka kira a tsakiyar yajin aiki yakan ƙare da alkawarin baki, shi ya sa nake ganin wajibi ne a rubuta abin da aka cimma, a sa masa wa'adi, sannan shugabanni su koma tasha su karanta wa mambobinsu. Direban da yake biyan kuɗin tikiti kowace safiya kafin ya yi lodi yana da haƙƙin sanin abin da aka sa wa hannu da sunansa.