Tambaya da Amsa: Wane ruwa ake tsoma wuƙa ta fito da zane ko ta yi baƙi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, ni maƙeri ne a Zariya, gado na yi, wuƙaƙen yanka da na fawa nake ƙerawa da sifirin mota. Ina gani a bidiyo turawa suna tsoma wuƙa cikin wani ruwa sai ta fito da zane mai lanƙwashe-lanƙwashe ko ta yi baƙi gwanin sha'awa, abokina ya ce wai ruwan batir ne kawai, na ce bari dai in tambaya kafin in ɓata aikina. Dan Allah me ya dace in yi amfani da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ruwan batir kam ka bar shi inda yake. Asid ɗin salfa ne mai ƙarfi, wajen kashi ɗaya bisa uku na ruwan, yana cin ƙarfe da gaggawa ya bar shi duk ramuka, in ya fantsama a ido kuma sai dai Allah ya kiyaye, na tsohon batir ma har da dalma a ciki, ga shi wuƙar nama za ta yanka.

Sannan zanen nan da kake gani ba ruwan ne ya zana shi ba fa, tun a maƙera aka saka shi cikin ƙarfen. Ƙarfe iri biyu suke jerawa su haɗe a wuta su yi ta ninkawa, yawanci wanda ake kira 1084 da kuma 15N20 mai ɗauke da nikel kusan kashi 2 cikin ɗari. Asid yana cin na farkon ya baƙanta shi, mai nikel ɗin kuma ya tsaya da haskensa, shi ne zanen ya bayyana. To kai sifirin mota ƙarfe ɗaya ne, ko kwana ya yi a ciki launin toka mai duhu zai yi gaba ɗaya, sai dai in bakin wuƙar kaɗai ka tsoma a ruwa ko mai lokacin da kake taurara ta a maƙera, nan za ka iya ganin layin da ya raba inda ya taurara da inda bai taurara ba, shi ma yana da kyau ai.

Abin da masu wannan aiki suka fi dogara da shi shi ne ferik kulorayid, wani ruwa ja-ja mai ruwan ƙasa da masu haɗa allon lantarki suke cin tagulla da shi, wajen masu saida kemikal za ka nema. A sirka kashi ɗaya da ruwa kashi uku ko huɗu, cikin roba ko kwalba, ba kwanon ƙarfe ba, kuma kullum shi ake zubawa cikin ruwa ba ruwa cikinsa ba. Ka tsoma minti biyar zuwa goma, ka fitar ka goge baƙin da ya taru, ka sake tsomawa, a yi haka sau uku ya fi a bari ta daɗe sau ɗaya tunda wanda aka sirka a hankali yake ci kuma aikin ya fi fita sumul. Ka sa safar hannu, in ya taɓa riga kuma ta tafi kenan.

In baƙi kawai kake so don rage tsatsa to ba sai ka je kasuwar kemikal ba. Binega mai kashi 5 cikin ɗari in ka ɗan ɗumama shi yana yi, ruwan lemun tsami yana yi, jiƙon tsamiya mai kauri ma haka, sai dai su awanni suke ɗauka. Kofi mai kauri sosai a bar wuƙa ta kwana ciki shi ya fi ba da baƙi. Mutanen Jaba a Indunisiya lemun tsami da gubar asenik suke wa wuƙarsu ta gargajiya, wannan kam kallo ne namu ba kwaikwayo ba.

Amma inda aka fi faɗuwa ba wajen zaɓen ruwan ba ne. In akwai maiƙo ko shatin yatsa ɗaya a jikin ƙarfen dabbare-dabbare zai fito, don haka a wanke da sabulu tas a goge da sipirit kar a sake taɓawa. Bayan an fitar kuma dole a kashe asid ɗin, ka jiƙa kanwa ka tace ka tsoma wuƙar ciki ko ka sa bekin soda, ka ɗauraye ka busar nan take ka shafa mai, in ba haka ba gobe da safe jan tsatsa za ka tarar. Wuƙar nama man girki za ka shafa mata ba baƙin mai ba.

TAMBAYA: Malam ni wuƙata irin wadda ba ta tsatsa ce, so nake in rubuta sunana a jiki, binega zai yi?

AMSA: Ba zai yi ba, irin wannan ƙarfen yana da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke kare shi. Ka shafa jan farce a wurin, in ya bushe ka kankare sunan da allura, ka haɗa wayar fozitif ta batir mai bolt 9 da wuƙar, negetif kuma da auduga da ka jiƙa a ruwan gishiri, ka dinga dangwala wa rubutun na 'yan mintuna. A tsakar gida za ka yi ba cikin ɗaki ba saboda iskar da yake fitarwa.