Amsa kan kalmar "hobble": ɗingishi ne ko dabaibayi?

Wa alaikumus salam, Malama. Kin ce kin ga "hobble" a labarin ƙwallo, inda aka yi amfani da ita wajen bayyana fitar ɗan wasa daga fili bayan ya ji rauni, amma da kika duba ƙamus sai kika tarar an ce ɗaure ƙafar dabba ne. Kina son sanin wanne ne daidai, da kuma inda kalmar ta samo asali. To, duka biyun daidai ne. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare, kuma kusan kowace shekara sai kalmar nan ta rikita ɗalibaina.

Ma'anar tafiya ita ce ta fara zuwa. Tun wajen shekarar 1300 kalmar take a Turanci, kuma a lokacin tana nufin rangaji ne, abu ya karkata nan ya karkata can. Tana da 'yar'uwa a harshen mutanen Holan, "hobbelen", mai irin wannan ma'ana. Duk wanda ya taɓa tsayawa bayan mai ɗingishi ya kalli kafaɗunsa ya san yadda aka yi rangaji ya koma ɗingishi.

Ma'anar ɗauri kuwa baƙuwa ce, sai a ƙarni na 19 ta bayyana, kuma masana na danganta ta da wata tsohuwar kalma, "hopple". Mu wannan ba sai an yi mana dogon bayani ba, dabaibayi ne kawai. A aji nakan ce wa yara su tuna jakin da aka yi wa dabaibayi aka sake shi a gona bayan girbi: yana tafiya, amma taku ɗan ƙanƙani, yana ɗan tsalle. Da na faɗi haka shi ke nan, sai ka ga fuskoki sun washe, domin igiyar ce ke jawo irin tafiyar da kalmar ke nufi tun farko. Daga nan ne 'yan jaridar Turanci suke aron ta idan za su ce bashi ya dabaibaye tattalin arzikin ƙasa, kamar dai yadda mu ma muke faɗa. Har wani siket aka yi yayinsa a Turai da Amurka wajen 1910, mai tsuke ƙafafu ta ƙasa, aka laƙaba masa sunan "hobble skirt" saboda mai sanye da shi ba ta iya buɗe taku.

Inda nake yawan jan kunnen ɗalibai shi ne kada su ɗauka ita da "limp" abu ɗaya ne. "Limp" ita ce ɗingishi na ainihi, ƙafa ɗaya ce ke ciwo, mutum yana sassauta mata nauyi. "Hobble" ta fi nuna wahala da gajeren taku, ko da ƙafafun biyu ne, kamar tsohon da sanyin ƙashi ya kama, ko wanda sabon takalmi ya ci. Don haka ɗan wasan naki, idan fassara za ki yi, ni "ya fita da ƙyar yana jan ƙafa" zan rubuta, ya fi "ya fita yana ɗingishi" kama hoton.