Tsakanin gidan York da gidan Lancaster, wa ke da gaskiyar gadon sarautar Ingila?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibin tarihi ne, ana koya mana yaƙin basasar da aka yi a Ingila tsakanin gidan York da gidan Lancaster, amma wallahi kaina ya kulle, sunayen duk iri ɗaya, daga Henry sai Edward sai Richard. Don Allah a cikin gidajen nan biyu wane ne asalin mai haƙƙin sarautar? Kuma da gaske ne Richard na uku shi ya kashe 'ya'yan wansa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin tare da kai. Maganar sunaye kam sai haƙuri, ka riƙa riƙe kowa da lambarsa ko da garin da ake jingina masa, in ba haka ba za ka ta kashe mutum sau biyu a takardar jarrabawa.

In dai lissafin jini za a bi, gidan York sun fi hujja. Amma ka sa a ranka tun yanzu cewa wannan hujjar sai da ta kwanta kusan shekara sittin ba mai ɗaga ta da gaske, sai da aka samu sarkin da ya kasa riƙe manyan ƙasarsa sannan aka kakkaɓe mata ƙura. Kuma wanda ya ƙare da sarautar a ƙarshe shi ya fi kowa raunin hujja.

Duk su biyun jikokin mutum ɗaya ne, Sarki Edward na uku da ya rasu a 1377. Babban ɗansa ya riga shi mutuwa, sai aka naɗa jikansa Richard na biyu yana ɗan shekara 10. Sauran 'ya'yan Edward da suka shafe mu bi da bi su ne Lionel, sai John na Gaunt wanda shine tushen Lancaster, sai Edmund tushen York. A 1399 John ya rasu, Sarki Richard ya ƙwace gadon da ya kamata ya je wa ɗansa Henry wanda dama an kore shi daga ƙasar, shi kuwa Henry ya dawo da sunan neman gadonsa ya zarce har da karagar, ya zama Henry na huɗu. Richard bai da ɗa, kuma bai yi shekara a tsare ba ya mutu a Pontefract.

To anan kullin yake. A wajenmu masu zaɓen sarki ke zama su duba 'ya'yan gidan su fitar da ɗaya, su kuwa can babban ɗa ke gada, in layinsa ya ƙare sai a gangaro layin mai bi masa. Mai bi ɗin shine Lionel, amma 'ya mace kaɗai ya bari, zuriyarsa ta wajenta suka fito, gidan Mortimer. Shin sarauta tana bi ta mace? Babu wata rubutacciyar doka tsayayya da ta yanke wannan. Lancaster suka ce ta maza ake bi, mu ne. Amma fa sarakunan Lancaster ɗin nan suna yaƙi a Faransa suna cewa sarautar can tasu ce, kuma hujjarsu ta wajen mace ce, mahaifiyar Edward na uku, kaga kenan bakinsu bai da ƙarfi sosai. Shi kuma Richard na York, wanda zai zo ya tada rigimar, ta wajen uba jikan Edmund ne, ta wajen uwarsa Anne Mortimer kuwa jinin Lionel ne, kuma da na uwar yake taƙama.

Me ya sa to aka yi shiru? Saboda Henry na biyar, ɗan Henry na huɗu, jarumi ne, ya ci Faransawa a Agincourt a 1415, wa zai tsaya tambayar asalin mai kawo ganima. A wannan shekarar ma ya sa aka sare kan mahaifin Richard na York saboda makirci, amma yaron ya girma aka bar masa dukiyar gidansu, ya yi wa gidan Lancaster mubaya'a, ya yi musu gwamna a Faransa da Ireland.

Matsala ta fara da ɗansa Henry na shida, wanda ya gaji sarauta a 1422 yana jariri ɗan wata tara. Ya girma mutum mai ibada da sanyin hali, shi ya gina makarantar Eton, amma duk wanda ya riga zuwa kunnensa shi ke da gaskiya, ga kyautar filaye da muƙamai ba lissafi. Zuwa 1450 bashin da ake bin fada ya kai fam 372,000, a shekarar aka rasa Normandy, yankin da Ingila ke riƙe da shi a Faransa, talakawan Kent suka yi bore ƙarƙashin Jack Cade har suka shiga Landan. Wanda ƙasar ta suɓuce a hannunsa a Normandy, Edmund Beaufort na Somerset, ya dawo gida maimakon hukunci sai ya zama na hannun daman sarki, shi kuwa Richard na York da yake bin fada maƙudan kuɗi aka mayar da shi gefe. Ka haɗa da cewa sarki a lokacin ba shi da soja na dindindin a cikin gida, kowane babban mai sarauta ke da yaransa masu sanye da tambarinsa, sarki aikinsa ya raba gardama tsakaninsu. Da ya kasa sai kowa ya fara ƙwatar wa kansa. A arewa gidan Neville da gidan Percy har sun kai ga tare hanya, a 1453 mutanen Percy suka tare ayarin 'yan rakiyar amaryar Neville kusa da birnin York.

A watan Agustan wannan shekarar, bayan labarin shan kashi a hannun Faransawa a Castillon, sarki ya samu taɓin hankali, ba ya magana ba ya gane kowa sama da shekara guda. Matarsa Margaret ta Anjou ta haifa masa ɗa namiji a cikin wannan halin bayan shekara takwas da aure, aka kai masa jaririn ya sa albarka, ya kalle shi sau ɗaya ya sunkuyar da kai. Aka ba York riƙon ƙwarya, ya jefa Somerset gidan kaso. Sarki ya warware a ƙarshen 1454, ya fito da Somerset, shikenan aka koma 'yar gidan jiya, kuma yanzu York ya san wuyansa ake nema.

Ka lura da kyau da abin da ya faru a St Albans ran 22 ga Mayu 1455, karon farko. Faɗa ne gajere a cikin lungunan gari, aka kashe Somerset da shugaban gidan Percy da Clifford, kibiya ta shafi sarki a wuya, da aka gama York ya je ya durƙusa a gabansa yana neman afuwa. Mai neman karaga ba haka yake yi ba, sarki na hannunsa fa. Abokan gabarsa ya zo kawarwa. Amma waɗanda aka kashe sun bar 'ya'ya maza, daga nan abin ya koma ramuwar jinin uba.

Sai a Oktoban 1460 York ya fito da maganar jini ƙarara. Ya shiga majalisa ya ɗora hannunsa a kan karagar da ba kowa yana jiran a yi masa kirari, wurin ya yi tsit, har magoya bayansa ba su ji daɗi ba. Aka yi sulhu cewa Henry zai ci gaba har mutuwarsa sannan York ya gada. Wato an cire ɗan Margaret kenan, ita kuwa ba macen da za a yi wa haka ba ce. Ran 30 ga Disamba mutanenta suka kashe York a Wakefield tare da ɗansa Edmund mai shekara 17, aka kafe kansa a ƙofar birnin York da kambin takarda don izgili.

Babban ɗansa Edward, ɗan shekara 18, dogo ƙaƙƙarfa, shi ya ƙarasa aikin. A Towton ran 29 ga Maris 1461 aka gwabza cikin dusar ƙanƙara, iska na kaɗa ta fuskar mutanen Lancaster, maharban York suka yi harbi suka ja da baya, waɗancan suka ta zuba kibau ba sa kaiwa, sai aka tsince su aka mayar musu. Da suka karye da yawa a rafi suka nitse wajen gudu. Masu ƙidayar lokacin sun ce mutum 28,000 suka mutu, masana yanzu suna ganin an yi ƙari, amma kabarin bai ɗaya da aka tono a wurin a 1996 ya nuna ƙoƙunan kai da aka sassara ba sau ɗaya ba sau biyu ba. Haka aka samu Edward na huɗu.

Daga nan in ka ci gaba da kallon abin a matsayin York da Lancaster za ka ruɗe, don mafi yawan rigimar cikin gidan York ce. Richard Neville na Warwick, wanda mahaifiyar Edward goggonsa ce kuma shi ya yi ɗawainiyar ɗora shi, yana can yana nema masa auren gidan sarautar Faransa sai ga labari wai sarki ya riga ya auri wata bazawara Elizabeth Woodville a ɓoye a 1464, danginta kuma suka cika fada. Warwick ya fusata, ya ja ƙanen sarki George na Clarence ya aura masa 'yarsa, ƙarshe ya je Faransa ya durƙusa wa Margaret da suka yi shekaru suna neman ran juna, suka mayar da Henry na shida kan karaga a 1470. Wata shida kawai abin ya yi. Edward ya dawo, ya kashe Warwick a Barnet cikin hazo a Afrilun 1471, a Mayu ya kashe ɗan Margaret a Tewkesbury, daren da ya shiga Landan kuma Henry ya mutu a Hasumiyar Landan inda yake tsare, aka ce wai baƙin ciki ne. Clarence ɗin ma wansa ya sa aka kashe shi a 1478.

Sai tambayarka ta biyu. Edward na huɗu ya rasu ran 9 ga Afrilu 1483 yana da shekara 40, ya bar Edward na biyar mai shekara 12 da ƙanensa Richard mai 9. Baffansu Richard na Gloucester, wanda duk tsawon mulkin wansa bai taɓa cin amanarsa ba, ya tare yaron a hanyar Landan ya kama kawunsa na wajen uwa, ya sa aka sare kan Hastings aminin marigayi ba shari'a, sannan aka fito da zancen cewa Edward ya riga ya yi alkawarin aure da wata Eleanor Talbot kafin Elizabeth don haka auren bai ɗauru ba, yaran ba magada ba ne. Ran 6 ga Yuli aka naɗa baffan nasu, ya zama Richard na uku. Yaran an riƙa ganinsu suna wasa a harabar Hasumiyar Landan inda aka ajiye su, sai aka daina.

Babu shaidar da za ta tsaya a kotu, amma in ra'ayina kake so, shi ne. A hannunsa suke, jita-jitar mutuwarsu ta bazu tun a shekarar har ta jawo masa tawaye daga tsofaffin yaran wansa, kuma da suna raye fito da su rana ɗaya ya ishe shi rufe bakin kowa, bai yi ba. Sannan duk sarkin da aka tuɓe kafin nan, Edward na biyu da Richard na biyu da Henry na shida, ba wanda ya tsira a tsare. Masu kare shi suna da gaskiya a abu ɗaya, marubutan zamanin Tudor, gidan da ya karɓi sarautar bayansa, sun shafa masa baƙin fenti fiye da ƙima. Da aka tono ƙwarangwal ɗinsa a ƙarƙashin wurin fakin motoci a Leicester a 2012 an ga lallai ƙashin bayansa a karkace yake, amma shanyayyen hannun da ake ta faɗa babu shi. Akwai kuma ƙasusuwan yara biyu da aka samu a hasumiyar a 1674, suna Westminster, ba a yi musu gwajin DNA ba.

Wannan ɓarakar ce ta buɗe wa Henry Tudor ƙofa, mutumin da ya yi shekara 14 yana gudun hijira. Hujjarsa ta wajen uwa ce, Margaret Beaufort, kuma gidan Beaufort 'ya'yan John na Gaunt ne da aka haifa kafin a ɗaura aure, daga baya aka halatta su, Henry na huɗu ma ya ƙara sharaɗin ban da sarauta. Uwar kuma tana raye, in jini ne ai ita ce gaba da shi. Abin da ya ɗaga shi shine alkawarin da ya yi zai auri Elizabeth 'yar Edward na huɗu, sai mutanen York masu fushi da Richard suka koma bayansa, Faransa ta ba shi kuɗi da mayaƙa. A Bosworth ran 22 ga Agusta 1485 gidan Stanley, wanda babbansu mijin mahaifiyar Henry ne, suka tsaya gefe suna kallon inda rinjaye zai faɗa. Richard ya hango Henry da 'yan tsirarun mutane ya sukwano kansa har ya kashe mai riƙe masa tuta, a nan William Stanley, ƙanen babban nasu, ya afka masa. Raunuka 11 aka ƙirga a ƙashinsa, 9 a kai.

Henry ya san inda rauninsa yake. Dokar da majalisa ta yi masa ba ta tsaya bayanin asali ba, cewa kawai ta yi sarauta tana wajensa da zuriyarsa. Ya sa aka fara ƙirga mulkinsa daga 21 ga Agusta, kwana ɗaya kafin yaƙin, don duk wanda ya yi wa Richard faɗa ya zama maci amana. Sai da aka naɗa shi tukuna ya auri Elizabeth a Janairun 1486, kar a ce albarkacin mata ya ci. Furen nan ja na Lancaster da fari na York da aka haɗa wuri ɗaya tambarinsa ne, shi ya yayata shi, Richard kuwa farin gadu ne tambarinsa a fagen fama.

Kuma rigimar ba ta mutu a Bosworth ba. A 1487 sai da ya sake yaƙi a Stoke da masu ɗauke da wani yaro Lambert Simnel suna cewa ɗan Clarence ne, Henry ya fito da ɗan Clarence na gaskiya daga tsare aka zaga da shi Landan, yaron kuma bayan an ci su ya tura shi aiki a kicin ɗin fada. Perkin Warbeck da ya ce shi ne ƙaramin yaran hasumiya ya wahalar da shi shekaru kafin a rataye shi a 1499, aka haɗa da ɗan Clarence ɗin aka sare, shi da yake tsare tun yana ɗan shekara 10. William Stanley da ya ceci Henry a Bosworth ma an sare shi a 1495. 'Yar Clarence, Margaret Pole, ita ta kai har zamanin Henry na takwas, shi ya sa aka sare ta a 1541 tana tsohuwa mai shekara 67.