Sai da takardar sanata yaro ke shiga tawagar ƙasa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana yana da shekara 16, ɗan wasan tsakiya ne a wata makarantar ƙwallo a garinmu. Sau biyu yana zuwa gwajin 'yan ƙasa da shekara 17, ba a ɗauke shi ba. Yanzu wani mutum ya same ni, ya ce in ba da takardar wani babba a gwamnati ba, yaro ko ƙofar sansani ba zai gani ba, amma in na kawo kuɗi zai karɓo mana daga wurin wani sanata. Har ya ce ai Roger Milla ma shugaban ƙasa ne ya sa shi. Ina shirin sayar da filina, barci ya ƙaurace mini. Haka abin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kafin mu je ko'ina, mayar da takardar filin nan cikin akwati ka kulle.

Katsalandan akwai, ba zan ɓoye maka ba. Na shafe shekaru ina horar da yara, na kuma taɓa kwana ɗaki ɗaya da wani koci daren da za a fitar da sunaye. Wayarsa ta yi ta ƙara, wannan ya ce daga ofishin wane, wancan ya ce Oga na gaisuwa, har ya gaji ya kashe ta ya cusa ƙarƙashin filo. Da gari ya waye sunaye huɗu sun ƙaru, waɗanda ba shi ya rubuta ba.

Amma zancen Milla ɗin nan, wallahi na gaji da jin sa. Duk ɗan damfarar da ke son cin kuɗin iyayen yara da shi yake buɗe baki. Gaskiya ne shugaban Kamaru Paul Biya ya sa baki aka mayar da Milla tawagar Kamaru a 1990, yana da shekara 38, yana can tsibirin Réunion yana taka leda. Gaskiya ne ya ci ƙwallo 4 a Italiya, biyu a ragar Romaniya, biyu a ragar Kolombiya, Kamaru ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar cin kofin duniya. To wane ne Milla kafin wannan kira? Gwarzon ɗan wasan Afirka na 1976, wanda ya ɗaga kofin nahiyar a 1984 da 1988. Biya bai ɗauko ɗan abokinsa daga layin unguwa ba. Kuma ko shi ɗin, daga benci koci ya riƙa sako shi, in ƙafafun abokan hamayya sun yi nauyi. Wannan ɓangaren masu labarin ba sa faɗa, domin ba ya kawo kuɗi.

Bari in gaya maka iya inda takarda ke kai yaro: sansani, shi ke nan. Ranar farko 'yan uwansa za su san ta yadda ya shigo, domin yara ba sa ɓoye wa juna komai. Sunansa ya koma "yaron Oga". A atisaye ba mai ba shi ƙwallo, in ya yi kuskure a yi dariya, in ya yi daidai a ce sa'a ce. Koci kuwa ya san in aka sha kashi shi za a kora, sanata na gidansa, saboda haka zai ajiye yaron mako biyu don fita kunya, ya sallame shi a tankaɗe na farko. Na ga yara masu ƙafa ta gaske da suka dawo daga irin wannan tafiya ba su ƙara son ganin fili ba.

Sannan ga na'urar MRI, wadda FIFA ta shigo da ita gasar 'yan ƙasa da 17 tun 2009. Ita ƙashin wuyan hannu take dubawa don tantance shekarun yaro, ba ta karanta takardar kowa. A 2016 yara 26 suka faɗi wannan gwaji a sansanin Najeriya ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu a wasannin share fage, mu da muka ɗauki kofin duniya na wannan rukuni a 2013 da 2015.

Kada kuma ka ɗauka FIFA za ta hana wannan ɗabi'a. Sashe na 14 da na 19 na dokokinta sun haramta wa gwamnati shiga harkar hukumar ƙwallo, amma abin da ke da hatimi kaɗai take gani. Shi ya sa ta yi wa Najeriya barazana a 2010 da Goodluck Jonathan ya ce ya dakatar da Super Eagles shekara biyu, har ya janye cikin kwanaki. Ta dakatar da mu a 2014 bayan kotu a Jos ta tsige shugabannin hukumar ƙwallon Najeriya (NFF), ta dakatar da Chadi a 2021. Kiran wayar tsakar dare kuwa ba ya barin sawu. Wannan ne ya ba mutane irin mutuminka kasuwa: in an ɗauki yaro ya ce aikinsa ne, in ba a ɗauka ba ya ce wani ya fi ka kai kuɗi.

Ka tambaye shi lasisinsa na FIFA na zama ejan, wato wakilin 'yan wasa, ka ga yadda zai fara kame-kame. Ejan na gaskiya a kwantiragin ɗan wasa yake samun rabonsa, ba ya neman filin uba. Ka adana takardar haihuwar yaron ta asali, kada kowa ya taɓa ta da sunan "gyara". Ka nema masa ƙungiyar da ke buga gasar matasa mai rajista, inda zai riƙa yin minti 90 duk mako, a ɗauki wasanninsa a bidiyo, cikakke, har da wuraren da ya yi kuskure. Ka kuma je ka sami kocinsa na makaranta, ku zauna ku biyu ba tare da yaron ba, ka roƙe shi ya faɗa maka tsakaninsa da Allah abin da ya rage wa ɗanka. In ya ce gudu ne ko ƙarfin jiki, kuɗin ƙwai da wake da takalmi mai kyau bai kai ko kusurwar filinka ba.