Fatawa: Yawon buɗe ido da al'adun mutanen da aka je ƙasarsu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaci ne a Abuja, ina zaune a Gwarinpa. Ni da maiɗakina mun biya kuɗin tafiya hutu tare da wani ayari, za mu fara da Istanbul sannan mu wuce Bangkok. A tsarin tafiyar akwai shiga wurin bautar 'yan addinin Buddha, kuma an ce gaisuwar mutanen can da sunkuyawa ake yi. Tafiyar ta halatta? Ina iyakarmu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tafiyar halal ce matuƙar kana da amincin addininka, ba kuma don saɓo ka fita ba. Allah ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ya fari halitta, a Suratul Ankabut aya ta 20. Sai dai idan ba ku sauke farali ba, kuma kuɗin nan zai kai ku Makka, to Hajji ne a gaba.

Ka riƙe ƙa'ida ɗaya: al'ada asalinta halacci ne har sai dalili ya hana, ibada kuwa ba a yin ta sai ga Allah, yadda ya shar'anta. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa an kawo wa Annabi (SAW) naman damo, ya janye hannunsa. Khalid bin Walid ya tambaye shi ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai karɓa ba. Khalid ya ja ya ci a gabansa. Haka kuma mutanen Habasha sun yi wasansu na masu a masallaci, Nana A'isha tana kallo ta bayansa. Don haka baƙuntar abu a idonka ba ta mayar da shi haram. Sha shayinsu, ka cire takalmi inda suke cirewa, ka sa tufarsu in ta suturta.

A Istanbul abin da sauƙi. Aya Sofya, wadda aka gina a matsayin coci a shekarar 537, ta zama masallaci a 1453, aka mai da ita gidan tarihi, sannan aka dawo da salla a cikinta a 2020. Shiga ka yi sallarka. Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne ɗan shuɗin dutsen nan mai siffar ido da ke rataye a shaguna da motocin haya, wanda suke cewa yana kare kambun baka. Imamu Ahmad ya ruwaito daga Uƙba bin Amir cewa wanda ya rataya irin wannan abin tsari ya yi shirka. Kada Hajiya ta sayo shi tsaraba da sunan ado, domin a gida wata za ta ɗaura wa jaririnta.

Bangkok ce ke buƙatar tsayawa. Malamai sun yi saɓani kan shiga wurin bautar wasu: akwai masu halattawa, akwai masu karhantawa saboda siffofin da ke ciki. Sayyidina Umar ya ce ba sa shiga coci-coci saboda mutum-mutumin da ke cikinsu. Ni abin da nake gani, barin shiga ya fi, kuma ba wanda zai tilasta ka. Ka jira ayarin a waje. In ka shiga don lura da ɗaukar darasi, ba zan ce ka yi haram ba, amma kallo daban, yi daban. A wurin bautarsu na Wat Pho, inda gunkin Buddha yake kwance tsawon mita 46, akwai tasoshin tagulla 108 a jere, baƙi suna bi suna jefa sulalla a kowace don neman sa'a. Za ka ga Turawa na yi suna dariya, ɗan jagora ya ce wasa ne. A wurin masu gidan ibada ce. Kada ka jefa, kada ka kunna turare, kada ka ajiye fure, kada ka durƙusa. Kuma kada ka yi musu ba'a, aya ta 108 a Suratul An'am ta hana zagin abin da suke bauta wa.

Gaisuwarsu ta haɗa tafukan hannu da sunkuyar da kai, al'ada ce tsakanin mutum da mutum, sai dai Tirmizi ya ruwaito daga Anas cewa an tambayi Annabi ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa in sun haɗu, ya ce a'a. (Mu ma nan gida masu zubewa gaban manya wannan hadisin ya shafe mu.) Dafa ƙirjinka ka saki fuska, za su gane girmamawa ce.

Nama kuwa, 'yan Buddha ba Ahlul Kitabi ba ne, yankansu bai halatta ba. Nemi gidan abincin Musulmi, suna nan a birnin, ko ka tsaya ga kifi da shinkafa, ka tambaya ko an sa man alade. Salla kuma ku yi ƙasaru, sai garin da kuka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, nan a mazhabar Malikiyya cikawa za ku yi. Wallahu a'alam.